Yara Biyu a Kujerar Baya

A shekarun da na yi ina aikin jinya a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Jidda, a unguwar Madain Fahd muka zauna, a hawa na biyu na wani tsohon bene mai launin ƙasa. Maigidana yana aiki a wani gari can arewa da mu a bakin teku, sai ƙarshen mako yake zuwa, wani lokacin ma ya tsallake. Yawancin kwanaki daga ni sai 'yata, wadda a lokacin take aji biyu na firamare.

Ƙofarmu tana kallon ƙofar wasu Hausawa haifaffun Jidda. Kakanninsu ne suka zo aikin hajji tun zamanin tafiyar ƙasa, ba su koma ba. Maigidan yana gyaran na'urar sanyaya mota a wani gareji a unguwar Sharafiyya. Dogo ne, marar yawan magana, kullum cikin farar jallabiya mai guga. Ko daga gareji ya fito ba ka ganin ɗigon baƙin mai a jikinsa. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, da kalmomin da rabona da jin su tun kakata tana raye, sai kuma ya yanke ta a tsakiya ya ƙarasa da Larabci. Yaran benen duka Ammu suke ce masa, wato baffa. Matarsa tana ɗinki a gida. 'Yarsu ɗaya ce, ta ɗan girmi tawa, kuma makarantarsu ɗaya.

Matar ce ta kawo shawarar. Ta ce, "Ya ukhti, 'yar'uwata, don me za ki riƙa haɗa yarinya da direban da ba ki san asalinsa ba? Mota ɗaya, hanya ɗaya. Halas, shi ke nan, a bar wa babansu." Na ji daɗi ƙwarai. Daga nan shi yake kai su da safe, ya ɗauko su da azahar idan ya rufe gareji don hutun rana.

Motar tsohuwa ce fara, amma sanyin cikinta kamar firji, tunda sana'arsa ce. Kullum tana ƙamshin hel, 'ya'yan nan da ake sa wa gahawa, domin ba ya rabuwa da tauna su. 'Yata takan kawo mini labarin motar gutsure-gutsure muna cin abinci. Ta ce da safe Ammu yana sa musu karatu a rediyo, amma da rana ba a magana. Ta ce akwai gorar ruwa a jikin ƙofarsa wadda ba a sha, ko ƙishirwa za ta kashe ka. Wata rana ta ce in ana dawowa yakan rufe ido ɗaya yana tuƙi. Na ce hasken rana ne, kowa ya san ranar Jidda. A garin da ba ka taɓa ganin gidan giya ba, ba ka taɓa cin karo da mai tangaɗi a titi ba, tunaninka ba ya zuwa can.

Ranar da abin ya faru ina gida, aikin yamma gare ni. Tsakiyar zafi ne, dab da hutun makaranta. Wanda bai zauna a Jidda ba ba zai gane yadda unguwa take mutuwa bayan sallar azahar ba. Shaguna a rufe, labule a sauke, ba mutum ko ɗaya a titi. Ba ka jin komai sai gunjin na'urorin sanyaya ɗaki da ruwan da yake ɗiga daga bayansu a kan siminti. Kyanwoyi ma sun shige ƙarƙashin motoci. Na tsaya a taga ina jiran su, kamar yadda na saba duk ranar da nake gida.

Motar ta shigo layinmu a kan lokacinta. Abin da na fara lura da shi shi ne tafiyarta. A hankali take zuwa, mai tafiya da ƙafa zai iya wuce ta, kuma a tsakiyar titi sosai, ba ta karkata ko'ina. Ta iso daidai ƙofar gidanmu, ba ta tsaya ba. Ta gilashin baya na ga fuskar 'yata. Ta ɗago kai tana kallon tagarmu, ta gan ni, na tabbata ta gan ni, amma ba ta ɗaga hannu ba, ba ta buɗe baki ba. Haka motar ta ci gaba har ƙarshen layi, ta sha kwana ta wajen shagon mai burodi, ta ɓace.

Na ce a raina burodi zai saya. Na koma kicin na kashe wuta, na dawo taga. Titi fayau. Na kira wayarsa ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Na sake kira. Sai na fita na ƙwanƙwasa ƙofar matarsa.

Ta buɗe da zare a bakinta. Na ce, "Yanzu babansu ya wuce ta ƙofar gida da yara, bai tsaya ba. Ko ya ce miki za su biya wani wuri?"

Ba ta tambaye ni komai ba. Ba ta ce wace hanya ya bi ba, ba ta ce wataƙila kaza ba. Ta cire zaren daga bakinta, ta miƙa hannu bayan ƙofa ta ɗauko abayarta, ta ce, "Yalla, mu je."

Muka bi layin a ƙafa har kwanar. Shagon burodi a rufe. Muka fita babban titi muka tsaya muna waige-waige, zafin kwalta yana ratsa takalmina. Muna nan tsaye wayata ta yi ƙara, lambarsa ce. Muryar wani namiji ce daban, da Larabci, ya ce shi ɗan sanda ne, wannan ce lambar ƙarshe da ta kira. Ya tambaya ko ina da alaƙa da yara mata biyu. Ya ce suna lafiya. Ya faɗi haka sau biyu kafin ya kwatanta mana wurin.

Can kudu ne, bayan gidaje sun ƙare, inda manyan ɗakunan ajiyar kaya suke jere kuma tireloli suke juyawa su nufi tashar jiragen ruwa. Ban taɓa zuwa ba. Mai tasi ya sauke mu a wata faffaɗar mahaɗa mai fitilun ba da hannu. Farar motar tana tsaye, rabinta ya shiga tsakiyar mahaɗar. A gefenta wata tirela ce ta tsaya a karkace, ta ja baƙin layin taya mai tsawo a kan kwalta. Tsakanin hancin tirelar da ƙofar bayan motar, mutum ɗaya ne zai iya ratsawa, shi ma a gicciye.

Yaran suna zaune a inuwar tirelar, da kayan makarantarsu, kowace ta rungume jakarta. Ba mai kuka. Na durƙusa na shafa 'yata daga kai har ƙafa kamar yadda nake yi wa marasa lafiya, ban sami ko ƙwarzane ba. Hannuwanta sun yi sanyi ƙalau.

Shi kuma yana zaune a bakin titi, hannuwansa a baya da ankwa, jallabiyarsa fara tas. Da ya gan mu sai ya ɗan rusuna daga zaune, ya ce, "Maraba, maraba. Ku shigo mana." Da muryar da yake tarar baƙi ranar salla ya faɗa. Idanunsa a kanmu suke amma kamar wani abu yake kallo a bayanmu. Na matsa kusa, sai na ji warin a ƙarƙashin ƙamshin hel. Na san shi tun ina ɗalibar jinya a gida, a ɗakin da ake kawo waɗanda suka yi haɗari. Wani ɗan sanda yana riƙe da gorar ruwan a cikin leda.

Direban tirelar, wani dattijo ɗan Pakistan, shi ya ba da labarin abin da ya gani. Ya ce tun daga nesa ya hango motar a tsaye, fitila ta ba ta hannu ba ta tafi ba. Da aka tsayar da ita aka ba shi nasa hannun, sai ta fara gangarowa a hankali ta shiga gabansa. Ya taka birki iya ƙarfinsa yana salati. Ya ce shi dai ya san birkinsa kaɗai ba zai isa ba, motar ce ta tsaya cak da kanta. Da ya sauko ya leƙa, ya ga mutum ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ido a buɗe rabi, yana barci. Wata yarinya ta zuro rabin jikinta daga baya tsakanin kujeru biyu, ta riƙe birkin hannu da hannuwanta duka biyu, ta ƙi saki. Ya yi ta buga gilashi, suka ƙi buɗe masa har 'yan sanda suka zo.

A ofishin 'yan sanda aka shigar da mu wani ɗaki mai sanyi, aka kawo wata ma'aikaciya mai kula da sha'anin yara. Ta ba su ruwan lemo, ta fara tambayar 'yar maƙwabtan nawa da Larabci, cikin lallashi. Larabcin asibiti ya ishe ni in bi maganar.

Ta ce, "Wa ya koya miki jan birkin nan?"

Yarinyar ta ce, "Ba kowa. Na ga yadda yake yi ne. In Baba ya tafi, sai in ja."

"In ya tafi ina?"

"Yana nan a zaune. Amma ba ya nan."

"Kin taɓa ja kafin yau?"

Yarinyar ta juya ta kalli uwarta. Uwar tana kallon tayil ɗin ƙasa. Ma'aikaciyar ta jira, ta jira, sannan ta rubuta wani abu.

Sai da muka koma gida na yi wa 'yata wanka sannan ta yi magana. Ta ce, "Umma, na gan ki a taga." Na ce to me ya hana ki kira ni? Ta ce ƙawarta ce ta riƙe mata hannu ta ce ta yi shiru, domin in aka tashe shi a firgice, mai yake takawa. Ta ce tun daga kwanar layinmu har wurin tirela yana ta magana ƙasa-ƙasa da wani a kujerar gefensa, yana ce masa ya yi haƙuri sun kusa. Na ce wa ke zaune a wurin? Ta ce ba kowa, jakar burodin safe ce.

Maigidana ya iso washegari. Ban taɓa ganinsa cikin irin wannan fushin ba, fushi marar hayaniya. Da matar ta zo da wani kawun mijinta, dattijo mai sanda, don su ba mu haƙuri, bai ce su zauna ba sai da na yi masa ido. Dattijon ya yi doguwar magana a kan maƙwabtaka da zama a ƙasar mutane. A ƙarshe ya faɗi abin da ya kawo su: suna roƙon mu je mu yi tanazul, wato mu shaida wa hukuma mun yafe namu haƙƙin. Maigidana ya ce zai yi tunani.

Bayan sun fita matar ta dawo ita kaɗai, ta same ni a kicin. Na tambaye ta abu ɗaya. Na ce, "Kin sani?"

Ta ce, "Ya rantse mini a cikin azumi ya daina."

Na ce, "Amma kin san yana yi lokacin da kika ce in ba shi 'yata."

Ta ce, "Na ɗauka in da 'yar mutane a motar zai ji kunya."

Na fi jin zafin wannan maganar fiye da duk abin da mijinta ya yi. Na kwana biyu ko gaisuwarta ba na amsawa. Amma ina jin kekenta na ɗinki ta bango, yana tafiya yana tsayawa, kuma na san ba ta da wata madogara sai mijin. A ƙarshe ni na ce wa maigidana mu je mu yafe, 'yarmu tana raye, ba ma neman komai a wurinsu.

Mai binciken da muka samu a ofishin masu gabatar da ƙara matashi ne mai sanyin murya. Ya karɓi yafiyarmu, ya yi mana godiya, sannan ya ce yana so mu gane iyakarta, don kada dangin mutumin su ɗauka an gama. Ya ce abin da muka yafe namu ne. Akwai kuma haƙƙin hukuma, wanda ba mai iya yafe shi, ko mu ko matarsa. Gwajin jini ya nuna abin da ya nuna. Shan giya shi kansa laifi ne a ƙasar, tuƙi a kansa wani laifin ne. Ya ce da shi kaɗai ne a motar, da maganar ta tsaya a nan. Amma ya ɗauki yara biyu da aka ba shi amana, waɗanda ba su da ikon cewa a sauke su.

Maigidana ya ce, "Ko da ba abin da ya same su?"

Ya ce, "Doka ba ta jira sai abu ya samu yaro. Wanda ya sa shi a bakin halaka ya riga ya cuce shi. Kuma kasancewar ɗaya 'yarsa ce bai rage masa komai ba. Ƙara masa ya yi, tunda shi ne wanda aka ɗora wa kare ta."

Matar ma an kira ta an yi mata tambayoyi fiye da sau ɗaya, a kan me ta sani da kuma yaushe. Ban san abin da ta gaya musu ba. An bar ta ta koma gida, amma ma'aikaciyar nan ta riƙa zuwa duba yarinyar lokaci-lokaci.

Ana cikin jiran shari'a aka sako motar, wani ɗan'uwansu ya kawo ta ya ajiye a ƙofar gida, daidai ƙarƙashin tagata. Ba mai hawanta. Ƙura ta rufe ta, tayoyin suka fara sacewa. Wata rana da azahar na leƙa, sai na ga kamar inuwar kai a kujerar baya. Na ɗauka idona ne. Na tsaya ina kallo, inuwar ba ta motsa ba. Na sauka da gudu ba ko takalmin kirki. 'Yar maƙwabtan nawa ce, ta ɗauko makulli daga ɗakin uwarta, ta shiga ta rufe ƙofofi, gilasai a ɗage, cikin wannan zafin da zai iya kashe babba. Gumi ya jiƙe ta sharkaf. Tana zaune a tsakiyar kujerar, ta ɗan sunkuyo gaba, tana kallon wurin direba.

Na buɗe na jawo ta. Na ce, "Me kike yi a nan?"

Hausarta ba ta da yawa, ta fi ji fiye da faɗa. Ta ce, "Khala," wato inna, "ina dubawa ne."

Na ce, "Kina duba me?"

Ta ce, "Ko ta tsaya sosai."

A makon aka kira masu jan mota suka tafi da ita.

Alƙali ya yanke masa ɗauri, tare da cewa idan ya gama za a fitar da shi daga ƙasar. Wannan na biyun ne ya karya dangin. A Jidda aka haife shi, a nan aka haifi ubansa, amma a takarda shi baƙo ne mai iƙama, wato takardar izinin zama, kamar ni, da fasfon Najeriya, ƙasar da bai taɓa takawa ba. Matar ta tattara ta koma gidan yayanta a Sharafiyya, aka shiga faɗi-tashin nema mata wani kafili, wanda zai tsaya mata a wurin hukuma, don ita da yarinyar su zauna. Ranar da za su tashi ta shigo ta yi mini sallama. Muka rungumi juna a bakin ƙofa. Wasu 'yan Yaman suka kama gidan.

Bayan an sallame shi an kai shi Kano, sai matarsa ta kira ni da ta ji zan je hutu gida, ta roƙe ni in kai masa saƙo. Jallabiyoyi ne da ta ɗinka da gahawa da dabino. Na yi niyyar in ba wani ya kai, daga baya na ga gara in je da kaina.

Na same shi a wani gareji a bayan wata tashar mota, ƙarƙashin rumfar kwano. Ya rame, furfura ta fito masa, yana sanye da riga da wando masu maiƙo kamar kowa. Masu garejin suna yi masa dariyar Hausarsa, amma na ga suna girmama hannunsa. Ya share mini benci da gefen rigarsa. Muka gaisa. Ya tambayi maigidana, ya tambayi 'yata, ya ce Allah ya raya ta. Ya ce shi har yau bai tuna komai na ranar ba, daga ƙofar makaranta sai farkawa a bayan kanta. Abin da aka karanta masa a kotu ya ji shi ne kamar labarin wani mutum, ya ce, amma ya san shi ne. Ban tambaye shi ko ya daina ba, shi ma bai ce ba.

Na ce, "Kuna waya da yarinyar?"

Ya ce duk Juma'a yana kira bayan an sauko daga masallaci. Uwar takan miƙa mata wayar ta fita daga ɗakin. Yarinyar tana karɓa, ba ta taɓa ƙi ba, kuma ba ta taɓa kashewa ba. Amma ba ta magana. Shi yake ta yi, ya ba ta labarin ruwan saman Kano, da awakin da suke yawo a titi, da yadda ake cin rake. Ya ce yana jin numfashinta, yana jin ƙarar na'urar sanyaya ɗakin, wani lokacin har kiran sallar la'asar na masallacin unguwarsu yana shigowa ta wayar. Haka za su zauna har katinsa ya ƙare.

Ya ce, "Ban san ko saurarona take yi ba, ko gadina take yi."

Wani ya kira shi daga cikin rumfa, an kawo mota. Ya ɗauki ledar saƙon ya rataye a ƙusa, ya ce in gaida mutanen Jidda. Na tari mai adaidaita na koma gida. Har na bar aiki a Jidda matar ba ta bi shi ba, shi kuma ba shi da hanyar komawa.